Ranar da Tela Ya Yi wa Ram Gyara

Ku samarin da kuke leƙowa shagona a Unguwar Boro kuna neman a koya muku ƙara wa kwamfuta ram, maganarku ɗaya ce. Wai kun gani a waya: a kwance murfi, a zare wannan, a cusa wancan, shi ke nan. Ban ce ƙarya kuka gani ba. Cusawar ba ta kai shan kofin shayi daɗewa ba. Amma wanda ya ga mahauci yana naɗe nama a takarda bai ga fawa ba. Ku zauna in jera muku aikin daga farko, domin ni ba na fara magana daga tsakiya.

Sunana Danjuma, amma a layinmu Injiniya ake ce mini, ko da yake karatuna bai wuce sakandare ba. Da can ma'aikacin masaƙa ne ni a Kakuri, a sashen wuta. Da masaƙu suka rurrufe, wasu abokan aikina suka kama acaɓa, wasu suka koma noma a Kakau, ni kuwa na je wurin Oga Terna, wani mutumin Binuwai mai gyaran rediyo da talabijin wanda ya koma gyaran kwamfuta. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma na zama yaron shago, kuma ban ji kunya ba.

Aikin farko da Oga Terna ya ba ni shi ne busa ƙura da jera kusoshi. Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa cikin kwamfuta. Ranar da ya bar ni, wata mata ce mai shagon buga takardu ta kawo tata, ta ce nauyi take yi. Ni da zafin sabon shiga har na ɗauki sukundireba. Ya buge mini hannu.

"Danjuma, ka taɓa ganin likita ya tsaga ciki kafin ya tambayi inda ke ciwo?"

Ya zaunar da matar, ya kunna kwamfutar, ya ce ta yi aikin da ta saba yi, yadda ta saba yi. Muka tsaya a bayanta muna kallo. Takarda ɗaya ta buɗe lafiya. Da ta buɗe ta biyu da ta uku tare da hoto, sai kwamfutar ta fara jan ƙafa. Sannan ne Oga ya ce, "To, wannan ram ne." Ya yi mini bayanin da har yau ban sami wanda ya fi shi ba. Ya ce kwamfuta tana da rumbu inda take ajiye komai, tana kuma da tebur inda take shimfiɗa abin da take aiki a kansa yanzu. Teburin nan shi ne ram. In tebur ya yi ƙanƙanta, sai ta riƙa ɗauke wannan ta kai rumbu don ta sami wurin ajiye wancan, ta dawo ta sake ɗaukowa, lokaci ya ƙare a zirga-zirga. Ƙara ram faɗaɗa tebur ne, ba ƙara wa mai aiki hankali ba.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da wurin zamansa. Sukundirebobi manya da ƙanana, buroshi mai laushi, abin busa ƙura, kwalbar sifirit, gilashin ƙara girma, da robar goge fensir irin ta 'yan firamare, wadda da ita nake goge haƙoran ram in sun dafe. Kafin in taɓa komai sai na zare wayar wuta, in cire batir in laftof ce, in dafa ƙarfen ƙofar shago don wutar da ke jikina ta sauka. Ram kuma ta gefe ake riƙe shi, kamar yadda ake riƙe hoto. Sai akwatina na katako mai gida-gida, wanda kuke yi wa dariya kuna cewa maƙabarta ce. A cikinsa nake tara tsofaffin ram da nake cirowa daga matattun kwamfutoci, kowane iri a gidansa. Ram iri-iri ne, akwai DDR biyu, da uku, da huɗu, har sama. Tsawonsu kan zo ɗaya, amma kowanne yana da 'yar wushirya a tsakanin haƙoransa, kuma wushiryar kowane iri a wurinta daban take. An yi haka ne da gangan, don kada wani ya shiga gurbin da ba nasa ba.

Wani malamin makaranta daga Mahuta ya taɓa shigo mini da laftof da ram sabo a kwali, ya ce in saka masa kawai, sauri yake. Na ce ya zauna ya yi aikinsa in gani. Bai so ba, amma ya zauna. Ba a jima ba na ji ƙasan laftof ɗin ya yi zafin da za a iya gasa masara. Na buɗe na tarar fankar ta toshe da ƙura da gashin bargo, don a kan katifa yake aiki. Na share, na kunna, ta tashi garau. Na ce ya mai da ram ɗinsa inda ya saya. Ba kowace kwamfuta mai nauyi ba ce take neman ram. Wata zafi ne, wata rumbunta ne ya tsufa, wata tarkacen manhajoji ne mai ita ya jibga mata. Wanda ya saka ram a inda ba a buƙata bai yi gyara ba, ciniki ya yi.

Mummunar shekarata ita ce shekarar da kaya suka yi tsada, jabun ram ya cika kasuwa. A ɗauko wanda ya gaji ko ya sha wuta, a wanke shi, a liƙa masa sabuwar takarda mai sheƙi, a saka a kwali. In ka saka shi kwamfuta za ta tashi, mai ita ya yi murna ya tafi. Sai yana tsakiyar aiki allon ya yi shuɗi, abin da ya rubuta ya salwanta. Ni na ƙi saye. Na ce duk ram ɗin da zai fita daga hannuna sai na gwada shi da manhajar gwaji, wadda ke bin kowane lungu nasa tana zuba abu tana kwashewa, in ta sami rami ta nuna jan layi. Gwajin yana cin sa'o'i. Masu kawo aiki suka ce Injiniya ya cika tsirfa, suka koma inda ake saka musu a tsaye. Akwai makonnin da na buɗe shago na rufe ban kwance kusa ɗaya ba, har na koma ɗaura fanka da gyaran soket a gidajen mutane don a ɗora tukunya. Kafin shekara ta zagayo suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da allonsa shuɗi. Ban yi wa kowa gori ba. Na nuna musu benci, na ce su zauna.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne na Alhaji Mamuda, tela a Maƙera. Tare muka yi masaƙa, shi yana sashen saƙa. Da aka sallame mu ya haɗa abin da ya samu ya sayi injin surfani ɗan gwanjo, irin wanda kwamfuta ke ba shi zane yana ɗinkawa. Injin tsoho ne, kuma ba ya jin maganar kowa sai wata tsohuwar kwamfutar tebur da suka zo tare. Wayar da ke haɗa su mai faɗin baki ce wadda sababbin kwamfutoci ba su da wurinta, manhajar zanen ma ba ta zama a kan sabuwa. Alhaji yana kiran kwamfutar Tsohuwa, yana lulluɓe ta da ƙyallen shadda in ya tashi aiki.

Matan zumunta na wata majami'a a nan Unguwar Boro suka ba shi ankon babban taronsu, riguna tuli guda, kowace da tambari a ƙirji: kurciya, da buɗaɗɗen littafi, da rubutu kewaye. Shugabarsu, Mama Rahila, ita ta tsaya aka kai masa aikin, alhali wasu matan sun so a kai wani wuri. Mijinta marigayi abokin aikinmu ne, kuma tun zamanin masaƙa Alhaji ke yi wa gidanta ɗinki. Yadin na musamman ne da suka sa aka bugo musu, daidai da adadinsu, babu rara. Taron kuma ranar Lahadi ne.

Farkon makon ya kira ni na je Maƙera. Na ce ya yi aikin in gani, amma a kan ƙyalle. Ƙananan zane suna tafiya sumul. Da ya buɗe tambarin matan, Tsohuwa ta fara nishi, injin ya yi ɗinki kaɗan ya tsaya da allura a cikin ƙyallen, zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Na duba na ga ram ɗinta rabin gig ne kacal, da gig kuwa ake auna girman ram, DDR biyu, kuma gurbi biyu gare ta, ɗaya babu kowa.

Na ce, "Alhaji, teburin yankanka ne ya yi ƙanƙanta, ga shi an kawo maka babbar riga. Ina da masu gig ɗaya guda biyu a akwatina. Bari in gwada su, jibi in kawo in saka."

"Jibi? Injiniya, gwajin me kuma? Abin da ba ya cin abinci?"

"Jibi," na ce, na hau mashin ɗina.

Ranar Alhamis da hantsi, ina shirin tafiya wurinsa, sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofar shago. Alhaji ya fito rungume da Tsohuwa kamar mai kai jariri asibiti. Mama Rahila ta fito a bayansa, jaka a hammata, fuska ba annuri.

"Injiniya, ta mutu."

"Me ka yi mata?"

"Ban yi mata komai ba. Alheri na yi niyya."

Mama Rahila ta ce, "Faɗa masa, Alhaji. Faɗa masa yadda ka faɗa mini, kada ka rage ko ɗinki ɗaya."

Ashe bai iya jira ba. Ya tsallaka gada ya shiga kasuwa ya ce a ba shi ram mafi girma, aka ba shi DDR uku, aka ce shi ne sabon yayi. Ya dawo ya zare tsohon, ya kawo sabon bakin gurbi, tsawo ya yi daidai, amma ya ƙi zama. Ya duba da idon tela, ya ga wushiryar ta kauce da kaɗan. Sai ya ɗauko ɗan magagarin da yake wasa almakashi da shi, ya zauna a nutse ya faɗaɗa wushiryar har ta kai inda yake so. Ya danna, ram ya zauna. Ya kunna. Hayaƙi ya tashi.

Na ce, "Alhaji, ka yi wa ram gyara?"

"To, Injiniya, shekara nawa ina wannan aiki? Abin da bai shiga ba ai rage shi ake yi. Kuma wallahi aikin ya fita tsaf, ka duba ka gani."

Ya ciro shi daga aljihu. Gaskiya ne, tsagar ta fita santal, ko injin kamfani sai haka. Haƙora uku na kusa da ita sun yi baƙi.

Mama Rahila ta zauna a benci ta ce, "Ni dai abu ɗaya na sani. In Lahadi ta zo matana ba riga, kai za ka je gaban majami'a ka yi musu bayani. Zan ara maka ɗankwali."

"Haba Mama Rahila, a bari mu ji daga likita."

Ga yadda na bi da aikin. Da farko na zare wuta, na buɗe, na sa hanci. Ƙauri daga gurbi ɗaya yake fitowa. Na sa gilashi na ga robar ta narke, wasu siraran ƙarafa na cikin gurbin sun manne da juna. Muddin suna manne, duk abin da aka saka wa kwamfutar zai ƙone. Na ce Alhaji ya ba ni allurar hannu, ya zaro daga gefen hularsa. Da ita na raba ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na kankare baƙin, na wanke da sifirit, na bari ya bushe. Wannan gurbi ya tashi daga aiki har abada, na liƙe bakinsa da salatif.

Sannan na tambayi tsohon ram ɗin. Na yi zaton ya yar, sai ga shi ya ciro shi naɗe a ƙyallen atamfa, har da ƙulli.

"Tela ba ya yar da ƙyalle," in ji shi.

Wannan hali nasa shi ya taimake mu. Ba a gwada kwamfutar da ta yi hayaƙi da sabon ram, don in ta ƙi tashi ba za ka san ko ita ce ko shi ne ba. Da wanda ta saba da shi ake gwadawa. Na saka shi a gurbi na biyu, na danna har kunnuwan biyu suka kama. Na dafa ƙofa, na jona wuta, na kunna. Fanka ta juya. Ta yi ƙara ɗaya gajere, rubutu ya fito a allo.

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi!" Mama Rahila ta ce, "Mun gode Allah." Na ce su dakata da murna. Tana da rai, amma mun koma inda muka fara, har da baya. Da har yanzu gurbi biyu gare ta, da masu gig ɗaya na akwatina sun isa. Yanzu gurbi ɗaya ya rage, dole sai an sami guda ɗaya mai gig biyu, irin nata, kuma irin wannan ya daɗe da barin kasuwa. Ina da guda ɗaya a akwati. Na saka, ta yi ta ƙara mai tsawo, ta ƙi shi. Tsofaffin kwamfutoci suna da zaɓe, wannan mai ƙwayoyi a fuska biyu take so.

Alhaji ya ce ko a kai aikin wani wuri. Mama Rahila ta ce ta riga ta zaga, duk masu injin sun cika da aikin biki, kuma zanen a cikin Tsohuwa yake. Ta dube shi ta ce, "Da bakina na ce musu Alhaji Mamuda bai taɓa saɓa mini ba. Da bakina." Alhaji ya cire hula ya mayar.

Washegari da sassafe na hau mashin na nufi hanyar Kakau, wurin wani mai sayen gwangwan da nake hulɗa da shi, Malam Buba. Shi ke kwashe matattun kwamfutocin ofisoshi yana farfasawa yana sayar da ƙarfe. Na tarar da su jibge a bayan fili, ciyawa ta fito a tsakaninsu.

"Injiniya, yau ma tonon kabari?"

"Yau ma, Malam Buba. Ka ce wa masu guduma su dakata."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa. Yawanci an riga an yashe su, wasu ruwan sama ya cinye. Rana ta ɗaga sosai kafin in sami biyu masu gig biyu, masu fuska biyu, ɗaya fes kamar ba a taɓa amfani da shi ba, ɗayan ya dafe, takardarsa ta ɓare.

Na dawo na tarar da su biyun a benci suna jirana. Na goge haƙoran mai kyan da roba, na busa, na saka. Tsohuwa ta tashi. Na buɗe tambarin matan, ya fito nan take, kurciya da littafi da komai. Kafin in juya Alhaji ya fara naɗe wayoyi.

Na ce, "Ajiye."

"Injiniya, ga ta tana gudu kamar yarinya!"

"Ajiye, ban gwada ba."

"Yau Juma'a fa! Gobe kaɗai ta rage mini. Kai wai ba ka da tausayi ne?"

Mama Rahila ma ta sa baki. "Baban Grace, ka taimaka. Tunda ta tashi, ba shi ke nan ba?" Da sunan 'yata ta fari take kirana, kuma ba ta cika roƙo ba.

Na ce, "Mama, in na ba shi yanzu, ta tsaya da allura a ƙirjin rigarki, akwai wani yadin?" Ta ce babu. Na juya wurinsa. "Alhaji, yadin da surfani ya ɓata yana komawa?"

Ya saki wayoyin. Wannan tambaya ba sai an yi wa tela bayaninta ba.

Na kunna gwaji. Muka zauna muna kallon lambobi suna wucewa. Alhaji yana kaɗa ƙafa, yana duba agogo, yana cewa da yanzu ya gama riga biyu. Ba a kai rabin zagaye ba jan layi ya fito. Wani ya biyo shi. Kafin a jima rabin allon ya yi ja.

"Mene ne wannan?" in ji Mama Rahila.

"Ramukan da rigunanku za su faɗa ne."

Ta dafa ƙirji ta ce, "Yesu!" Alhaji ya matso ya ƙura wa allon ido, ya ce a hankali, "Kuma shi ne mai kyan."

Na cire shi na jefa a kwandon shara, na ɗauko mai dattin. Na goge shi har haƙoran suka yi haske, na saka, na sake kunna gwaji daga farko. In wannan ya nuna ja, ba ni da na uku, kuma duk mun san haka. Lokacin masallaci ya yi, Alhaji ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Mama Rahila, ki tsare mini Injiniya kada ya yi sauri." Ta yi dariyar da ba ta yi ba tun jiya.

Ya dawo daga Juma'a ya tarar babu ja. Ya zauna. Na bar gwajin ya sake zagayawa, don ram kan ɓoye cutarsa sai ya yi zafi. Mama Rahila ta aika aka sayo gasasshiyar masara muka ci. Bayan la'asar na kashe gwajin, allo fes, na mayar da murfi, na ɗaure kusoshi, na miƙa wa Alhaji tsohon ram ɗinsa a cikin ƙyallensa.

Tare muka tafi Maƙera, don ba na cewa aiki ya gama sai na ga kwamfuta tana yin abin da aka kawo ta dominsa. Na haɗa ta da injin. Muka fara da ƙyalle, tambari ya fita daga bakin kurciya har harafin ƙarshe, allura ba ta yi jinkiri ba. Alhaji ya ɗauko rigar farko daga tulin, ya duba sunan da ya rubuta da alli a ciki, ya mai da ita, ya tona har ya sami ta Mama Rahila.

"Da taki za a fara. In ta ɓaci, ke kika kawo ni."

"In ta ɓaci, ɗankwalin yana nan."

Ba ta ɓaci ba. Ranar Asabar injin bai huta ba sai lokacin salla, ni kuma na leƙa sau ɗaya na taɓa jikin Tsohuwa, na sa aka juya mata fanka. Ranar Lahadi da safe ina tsaye a bakin titi na ga matan suna wucewa cikin ankonsu, suna waƙa suna kaɗa tulu da caki, kurciya a ƙirjin kowace. Babu wadda ta san da hannuna a ciki sai Mama Rahila, ita kuwa tana gaba, ta ɗaga mini hannu ba ta fasa waƙa ba.

Ram ɗin da aka yi wa gyara shi ne wanda kuke gani rataye da zare a saman teburina. Na roƙi Alhaji ya bar mini, na ce ba zan faɗi sunansa ba. Ya ce, "Faɗi mana. Ka ce musu Mamuda ne, kuma ka nuna musu yadda tsagar ta fita."

Bayan mako biyu ya zo shago da leda. Kaftani ne na shadda ruwan toka, da surfani a wuya da aljihu, aikin Tsohuwa. Ya ce in gwada a gabansa. Na zura, ya zauna mini ko'ina, sai dai wuyan ya ɗan kama ni. Na sa yatsa ina ja.

Ya buge mini hannu.

"Kul! Kada ka kuskura ka sa masa reza. Cire ka ba mai aikin."

Na cire na ba shi. Na tambaye shi yaushe zan karɓa.

Ya naɗe rigar a nutse, ya sa a leda, ya gyara zaman hularsa.

"Jibi," in ji shi.